Waƙar Rakiya a Motar Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na shiga mota ɗaya da surukina ba. Har yau in na tuna, sai na ji kunya ta rufe ni, ko da ina zaune ni kaɗai a shago.

Ni tela ne a Wudil, karatuna na boko a firamare ya tsaya. Allah ya yi ni da waswasi. In na kulle shago na kama hanyar gida, sai na dawo na ja kwaɗon in tabbatar. In ƙyalle ya ragu daga yadin mutum, ko da bai kai a goge gilashi da shi ba, sai na bi shi har gida na miƙa masa. (Akwai wanda ya taɓa roƙona da girman Allah in daina.) Duk abin da zan yi sai na auna shi ta gaba, na auna ta baya, sannan in kwana ina tunanin ko na yi daidai.

Wannan halin ne ya sa Malam Haladu ya yarda ya ba ni 'yarsa Rakiya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, irin mutanen da in sun yi gyaran murya a zaure har kajin gidan sukan natsu. Rakiya ce 'yarsa ta fari, don haka bisa al'ada bai taɓa kama sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Da aka sa rana, sharaɗi ɗaya ya gindaya wa iyayena: babu kiɗa, babu waƙa, walima kawai. Ya ce in ya ji ko ƙarar gwangwani ce da sunan bikin 'yarsa, to a nemi wata amaryar. Kowa ya san Malam ba ya maimaita magana.

Ni sharaɗin ya yi min daɗi, don dama tunanin a tura ni tsakiyar fili ana kallona yana hana ni barci. Amma wata rana na je zance, sai Rakiya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

"Duk ƙawayena an yi musu waƙa da sunansu," in ji ta.

"Ai kin ji abin da Baba ya ce."

"Ni na ce maka a fili za a sa? A kunnena kawai zan ji. Ko sunana bai isa a rera shi ba ne, Malam tela?"

Na ce zan yi tunani. Ta ce ta san tunanina, sai an yi sunan ɗanmu na fari ban gama ba. Ta juya ta shige gida.

Haka na tsinci kaina a wani ɗan situdiyo a Kano, inda ake yi wa amare waƙa da fiyano. Mawaƙin ya tambaye ni sunan amarya, sunan mahaifinta, da abin da za a faɗa a kaina. Na ce ya faɗi alheri kawai. Ashe abin da nake nufi da alheri daban, nasa daban. Ranar da na je karɓa ya kunna min, na ji ya mai da ni Alhaji, ya ba ni motoci, ya gina min bene, ya kai ni Dubai. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, kuma abin hawana keke ne mai karkataccen sirdi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba gaskiya ba ne."

Ya ce, "Yallaɓai, addu'a ce. Ka ce amin."

Na ce amin, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai da na tambayi wani malami a kaikaice, wai wani abokina ne aka yi wa ƙarya a waƙa, shin zunubin na mawaƙi ne ko na wanda ya sa aka yi? Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce in gaya wa abokin nawa ya rage yawan tambaya.

A lokacin an fara yayin wata 'yar na'ura da muke kira emfitiri, ba ta fi kwalin ashana ba, a sa mata memori a toshe kunne da waya. Ina da ɗaya, da ita nake jin wa'azi in ina ɗinki. Shawarar da na yanke ita ce in sa waƙar a memorina, in na je zance in ba Rakiya ta ji a kunnenta, in karɓe abina in tafi. Babu faifai a gidansu, babu shaida.

Sai wata damuwar ta taso. Ta yaya wa'azi da waƙar fiyano za su kwana wuri ɗaya?

Na tafi wajen Sale, abokina tun firamare, wanda ke da kwamfuta a wani ɗan shago kusa da tasha yana tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai. Aikinsa a kullum shi ne ya kwashi komai ya zuba wa mutum a memori kamar ana zuba gyaɗa a buhu. Na ce ni ba haka nake so ba. Ya ce akwai abin da ake kira folda, kamar ɗaki ne, kowane kaya da ɗakinsa.

"To yi min ɗakin wa'azi," na ce. Ya yi.

"Yi min na waƙar, can nesa."

"Babu nesa a memori, ɗan'uwa."

"To a sa wani abu a tsakaninsu."

Ya cire hannu daga kan kwamfutar ya juyo gaba ɗaya. "Kamar me? Labule?"

Na ce ya yi ɗaki guda wanda babu kowa a ciki, ya tsaya a tsakiya. Sale ya yi dariya har ya buge gwiwarsa da teburi, amma ya yi, ya sa masa suna Katanga. Da aka zo sunan ɗakin waƙar na ce ya rubuta Awon Kwastoma, don ko wani ya gani ba zai kula ba. Ya rubuta. Ina kallo, sai na ga ai wannan ma ƙarya ce, tunda babu awon kowa a ciki. Na ce ya goge ya rubuta Kar A Buɗe. Sannan na sa ya yi wani ɗakin a cikin wannan, ya tura waƙar can ƙurya, kamar amarya a uwar ɗaka. (Karatun Alƙur'ani kuwa na ce a kwashe shi gaba ɗaya a mai da shi wani memorin, wannan ko da katanga ba zan iya ba.)

"Ka dai sani," in ji Sale yana miƙo min, "duk wannan gine-ginen naka suna ne kawai. A ciki ɗaya suke."

Ban saurare shi ba. Na kunna 'yar na'urata, ga ɗakuna nan a jere a ɗan gilashinta, wa'azi a sama, Katanga a tsakiya, waƙa a ƙasa. Na ji kamar na gama ginin gida. Rakiya ta ji waƙarta a daren da na kai mata, ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta sa na maimaita mata har batir ya mutu.

Biki ya matso sai aka yi wa Malam rasuwa, wani yayansa da suke 'yan maza zar ya rasu a Indabo. Dole in je ta'aziyya. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, gari ya cika da shanu da manyan motoci. Na sa farar rigata na tsaya a bakin titi ina jiran mota, na ma zaɓi lokacin da nake ganin Malam ya riga ya tafi, don suruki ba abokin tafiya ba ne. Sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a gabana, wani ya leƙo ta gaba.

"A'a! Ango! Ina zuwa?"

Baffa Tanko ne, ƙanin Malam, dillalin shanu. Duk shirun da Allah ya ba Malam, ya ɗebe maganar ya ba Baffa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Indabo zan je.

"To shigo mana, can muka nufa."

Na leƙa baya, sai na ga Malam Haladu a zaune da carbi. Na ce wallahi ba komai, zan jira ta gaba. Baffa ya ce ta gaban sai bayan la'asar. Na ce ina son tafiyar ƙafa. Malam ya ce, "Shigo." Na shiga.

Baffa ne a gaba saboda ciwon gwiwa. A baya kuwa akwai buhun geron da za a kai gidan rasuwa, sai direba ya sa na matsa tsakiya ya jingina buhun da ƙofa. Ga ni nan, buhu a dama, surukina a hagu, kafaɗata na gogar tasa. Na tattare jikina har na ji haƙarƙarina na haɗuwa. Ko numfashi a hankali nake yi don kar in ci masa wuri.

Lokacin kamfen ne, rediyo ba abin da yake sai 'yan siyasa, wannan ya zagi wancan, wancan ya rama. Malam ya haƙura har muka fita gari, sannan ya ce, "Direba, gidan mutuwa za mu. Ba ka da wa'azi?"

Direban, wani mai suna Ado, ya ce yana da na'urar, ya nuna wani ɗan abu da aka soka a ramin kunna sigari, wanda in an sa masa memori sai sauti ya fito ta sifikar mota. Ya ce amma memorinsa duk waƙoƙin jam'iyya ne.

A nan ne shaiɗan ya raɗa min cewa ga dama ta samu. Tunda aka fara maganar aurena ban taɓa yin wani abu da Malam ya ce madalla ba. Na yi lissafi a zuci: wa'azi ne a ɗakin farko, yana da tsawo, za mu isa Indabo bai ƙare ba. Ko ya ƙare, ga Katanga. Ko an tsallake Katanga, ga ƙofa, ga wata ƙofar. Ni da nake komawa in ja kwaɗo, ranar ko sau ɗaya ban sake tunani ba.

"Baba, ina da shi," na ce.

Na zare memorin na miƙa gaba. Ado ya soka. Muryar malami ta cika mota, yana magana a kan mutuwa da yadda take zuwa ba sallama. Malam ya gyaɗa kai. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Madalla da yaro mai tafiya da irin wannan a aljihu."

Wallahi na ji kamar an naɗa min rawani. Har na ɗan saki jiki na jingina da buhu.

Abin da ban sani ba, wa'azin gunduwa-gunduwa aka yanka shi. Ita kuma na'urar Ado ba ta san ɗaki ba, ba ta san katanga ba. Duk abin da ke cikin memori garke ɗaya ne a wajenta, in ta gama da wannan sai ta cafko duk wanda hannunta ya kai. (Daga baya Ado ya ce shi ya saita ta haka, wai don kar ya gaji da jeri ɗaya.) Malamin ya kai inda yake cewa kowa ya shirya wa kabarinsa, ya yi shiru. Muka yi shiru tare da shi.

Sai fiyano ya fashe.

Na gane shi tun daga bugun farko. Na ce a raina wataƙila rediyo ne ya dawo. Sai siririyar muryar nan ta 'yan amshi ta shigo:

"Rakiya, Rakiya, Rakiya hasken gida!"

Carbin Malam ya tsaya. Mutumin da bai taɓa furta sunan nan ba tunda aka raɗa shi, ga shi ana zuba masa shi ta sifika huɗu, biyu ma a bayan ƙeyarsa suke.

"Direba, kashe!" na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta ɗan akuya ce.

Ado ya kai hannu, sai ga garken shanu ya shigo titi, ya mai da hannu biyu kan sitiyari yana salati. Na yunƙura in miƙa nawa hannun ta tsakanin kujeru, Baffa Tanko ya riga ni. Na ce alhamdulillahi. Ashe tafin hannunsa ya ɗora ya rufe na'urar.

"Dakata tukuna," in ji shi. "Kamar na san yarinyar nan."

"Baffa, don Allah."

"Ai ba a katse wa malami karatu."

Mawaƙin ya shiga baitina. Angon Rakiya Alhaji ne, motoci a gareji sai ya zaɓa, bene hawa uku, Dubai kamar bayan gida. Baffa ya juyo da dukan jikinsa, ciwon gwiwar ma ya manta.

"Alhaji! Kana da wannan arzikin ka bar mu muka yi shatar wannan akwalar?"

"Baffa, motata ba akwala ba ce," in ji Ado.

Na dubi ƙofar dama, buhu. Na dubi ta hagu, Malam. Na dubi ƙasa, akwai wata 'yar huda a ƙasan motar ana hango titi ta ciki, na yi ta kallonta ina fatan ta ƙara faɗi. Kuma na san abin da ke tafe, don na haddace waƙar. Na fara tari da ƙarfi ko zan rufe shi. Ban rufe ba.

"Yau Malam Haladu zai taka rawa, baban amarya a ba shi fili!"

Baffa ya kifa kansa a gaban mota, kafaɗunsa na rawa. Ado ya cije leɓe har motar ta ɗan yi gefe. Malam kuwa ko motsi. Sai da waƙar ta kai ƙarshe, na'urar ta koma kan malamin nan yana cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa (ni a lokacin ma na shirya), sannan ya ce, "Direba, tsaya."

Aka tsaya a gefen wata gonar dawa. Aka kashe komai. Malam ya miƙa hannu, Ado ya zare memorin ya ba shi, ya jefa a aljihun gaba. Sannan a karo na farko ya juyo ya dube ni.

"Ka ji sharaɗina?"

"Na ji, Baba. Ba a biki za a sa ba, wallahi. A kunne ne kawai."

"Kunnen wa?"

Na juya na dubi buhun gero.

"Yarinyar nan ce ta sa ka?"

Ka ga inda na shiga. In na ce e, na jefa Rakiya a bakin mahaifinta. In na ce a'a, na yi ƙarya, ga dattijo, ga hanyar gidan mutuwa, ga Juma'a. Na nemi wata hanya ta tsakiya.

"Ni na je Kano da ƙafata, Baba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na tuna yadda ta rufe fuska tana dariya. Na ce, "Ba ruwanta. Ni na ga dama na yi."

Kafin in rufe baki sai na ji wani ya ce "Astagfirullah" da ƙarfi a cikin motar. Na ɗaga kai in ga ko wane ne. Kowa ni yake kallo.

Baffa ya buɗe ƙofa ya fita ya shiga cikin dawa, muna jiyo shi daga can kamar ana yanka shi. Malam ya daɗe yana dubana. Ya ce, "To, na ji amsa biyu." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Ban san yadda muka ƙarasa Indabo ba. Abin da na sani, muna sauka Baffa ya riƙe hannuna ya kai ni gaban mutane, bayan an yi addu'a ya ce, "Ga surukinmu, Alhaji. Yau dai bai fito da mota ba." Aka tashi wani dattijo daga kan darduma aka ce in zauna. Ina cewa ni tela ne, ana cewa Allah sarki, ga sauƙin kai. Kafin mu tafi wani ya ja ni gefe yana tambaya ko ina neman direba, yana da ɗa mai hankali.

Dawowa a bayan wata motar itace na yi ta, ban jira su ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban iya cin abinci ba. Na ɗinke wa wani mutum aljihu ta ciki da waje. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar shago sai na ce shi ke nan, an dawo da kayan sa rana. Zance kuwa ko hanyar ban bi ba.

Sai ga Baffa Tanko wata safiya, ya zauna a bencina ya miƙe ƙafa, ya sa na sayo masa shayi, ya shanye, ya tambayi kuɗin ɗinkin babbar riga, ya yi zancen tsadar shanu. Ni dai ina tsaye da almakashi. Da ya ga na kusa faɗuwa sai ya ciro memorin daga naɗin hularsa ya ajiye a kan keken ɗinki.

"Yaya ya ce a ba ka. Ya ce rana tana nan yadda aka sa. Waƙa kuma in kun tare ta ji a ɗakinta, a rufe taga."

"Bai ce komai a kaina ba?"

"Ya ce. Ya ce mutumin da zai yi ƙarya don ya kare matarsa, kuma ya kasa, ba shi da abin tsoro ta kowane ɓangare." Ya miƙe yana gyara riga. "Amma ya ce in tambaye ka, wane ne ya gaya wa mawaƙin nan cewa shi Yaya ya iya rawa? Don tun yana saurayi ya daina."

An ɗaura aure, an yi walima, ba a buga ko cokali ba. Yau 'ya'yanmu sun tasa, amma daga Wudil har Indabo ba wanda ke kirana da sunana, sai Alhaji Mai Motoci. Har takardar gayyata ana kawo min da shi. Da farko ina tsayawa in yi bayani, yanzu in an kira sai in ce amin.

Darasin da na ɗauka kuwa ba mai yawa ba ne. In har ta kama dole ka rufa wa matarka asiri a gaban mahaifinta, to ka rufa. Istigfarin kuma ka riƙe shi a ciki har ka sauka daga mota.